Amanar Tagar Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, goma ga watan Satumba, Allah ya karɓi ran Baffa Hammajoda a gidansa da ke unguwar Ɗan Iya, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun saukar ruwan fari. An kai shi makwancinsa bayan azahar.

Baffa, duk wanda ya san ka a Bauchi ya san ka da tafi-da-gidanka, ɗan ɗakin nan mai taya biyu da kake ja da tsohuwar motarka. Ka saye shi a gwanjo bayan ka yi ritaya daga aikin likitan dabbobi, mutane suna dariya wai Bafulatani ya sa wa bukka taya. Kai ma ka taya su dariyar. A cikinsa muka zaga rugage kaka bayan kaka muna yi wa shanu rigakafin ciwon huhu, ba ka taɓa karɓar komai ba sai ƙwaryar nonon baƙunta.

A wurinka na koyi cewa ɗakin ƙarfe yana gumi kamar mutum. Ranar da na fara ganin ruwa yana ɗiga daga rufi alhali babu hadari, na rantse yoyo ne. Ka ce, "Mansir, numfashinka ne da tururin shayinka." Daga ranar aka kori butar shayi waje. Ka jera buhunan gawayi a ƙarƙashin gado suna shan laima, in rana ta fito ka shanya su. Rigar da ruwa ya taɓa ba ta kwana ciki. Ita kuwa 'yar tagar da ke saman rufi, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ka ɗaga murfinta ɗan kaɗan. Mun sha yi maka tsiya cewa ka fi kula da tagar nan fiye da hularka.

Lokacin da ciwo ya kayar da kai, aiki ya riga ya mai da ni Azare. Ka miƙa makulli ga wanda muka yi shekara da shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya da shi. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Abu ɗaya ka roƙe shi, ya riƙa buɗe ɗakin yana shan iska, domin ka yi wa Arɗo Yero alkawarin ɗakin zai isa rugarsa da kaka, ko da kai ko babu kai. Wata rana da na zo duba ka, a gabana, kana numfashi da ƙyar, ka tambaye shi, "Tagar sama fa?" Ya dafa ƙirji ya ce, "A buɗe take, Baffa. Jiya ma na leƙa." Ka lumshe ido, ka sa masa albarka.

Bayan sadakar uku na je filin da aka ajiye ɗakin a Gwallameji. Na same shi naɗe cikin tamfol daga sama har taya, ciyawa ta haɗiye ƙullin igiyar. Hannu bai taɓa wurin ba tun farkon damina. Wai an rufe ne kada ruwa ya taɓa shi, amma ni na san don a huta da zirga-zirga aka yi. Ina buɗe ƙofa wari ya mai da ni baya. Funfuna ta baƙanta bango, katifa ta ruɓe, ƙafata ta burma cikin katakon daɓe, kayan allurarka duk sun yi tsatsa.

Lalacewar ɗakin ba ta ƙona mini rai kamar albarkar nan ba. Da ƙarya aka karɓe ta daga bakin mai jinya. Da ya ce ba zai iya ba, wallahi da ka nemi wani. Ina ƙoƙarin yafewa, Baffa, don na san kai da tuni ka yafe, amma har yau zuciyata ta ƙi.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowace saniya da ka tsare ta zama shaida a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Hamsatu da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin rashi. Haka ma mutanen rugar Arɗo Yero, da suka zo gaisuwa suka riƙe hannuna suna tambaya, "Yaushe za mu tara shanun?" Na ce musu Allah ya kai mu. Ban iya gaya musu sauran ba.