Motar da Ba Ta da Lambar Inji

Ranar da aka kawo motar nan gidanmu a Agege, a bayan wata babbar mota aka ɗauko ta, an ɗaure ta da igiya kamar saniyar da za a kai mayanka. Shekara ta biyu ke nan da komawar mulkin farar hula, lokacin da man fetur ke ɓacewa sati-sati, mutum ya wuni a layi ya dawo da jarka fanko. Ni ina koyarwa a wata firamare, maigidana kuwa yana saro albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 yana rarraba wa masu tebur da masu gidan abinci a unguwa. Kullum kukansa ɗaya ne, kuɗin mota ya cinye ribar.

'Yar ƙarama ce, kujera biyu a gaba, bayanta a buɗe, fentinta ruwan ƙwai ya koɗe. Ba ta da tankin mai, ba ta da salansa. In ka ɗaga katakon bayanta, batura ne manya a jere. Wata masana'anta a Ilupeju ke amfani da ita wajen kai katan-katan daga sito zuwa sito, da suka tashi rufewa suka sa ta a kasuwa. Tun da na ɗora ido a kanta ban so ta ba, kuma ba ni da wani dalili da zan iya faɗa wa mutum.

Wanda ya kawo mana labarinta maigadin masana'antar ne, wani dattijo mutumin Nijar da muke ce wa Baba. Ya haura shekara ashirin yana gadi a Legas. Irinsu ba sa ajiye kuɗi a ɗakin bakin ƙofa, wurin wani amintacce suke kaiwa, shi kuma nasa amintaccen maigidana ne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci a gidanmu yake cin tuwo. Burinsa kowa ya sani, don ba ya gajiya da faɗa: ya ƙara shekara ɗaya, ya koma gida, ya sayi shanun huɗa biyu, ya daina kwana a kan benci.

Kuɗin maigidana bai kai ko rabin abin da aka yi wa motar ba, ko da ya haɗa da kwasar adashensa. Baba ne da bakinsa ya ce a zuba ajiyarsa duka, a riƙa raba riba duk wata.

"Amma hwa Alhaji, da sharaɗi guda," in ji shi. "A yi mata asirans. Can wajenmu ko kamiyo ko 'yar ƙaramar mota, ba ta hawa kwalta in babu shi."

Inshora ke nan a bakinsu. Ya ce yana saurayi ya ga motar ubangidansa ta ƙone ƙurmus da kayan gyaɗa, kamfani ya biya shi har ya sayi wata. Tun daga ranar ya yarda da abin nan ɗari bisa ɗari. Maigidana ya dafa ƙirji ya ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Ni na raka shi ofishin inshora a Ikeja, saboda Turancinsa na ciniki ne, ba na cika fom ba. Matar da ke kan tebur ta jawo takarda ta fara tambaya. Suna, adireshi, duk muka ba ta. Sai ta ce lambar inji. Muka ce ba ta da inji, da batir take tafiya. Ta ɗago ta dube mu ta saman tabarau. Lambar mota fa? Babu, ba ta taɓa fita titi ba. Takardar kwastan? Masana'anta ba ta ba mu ba. Ta rufe biro ta ce mu yi haƙuri, ba za ta iya yi wa abin da ba shi da lamba inshora ba. Muka je wani ofishin, a can har dariya suka yi mana, wani ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Maigidana ya sha kunu har muka iso gida.

Bayan kwana biyu ya fita shi kaɗai, kafin azahar ya dawo da takarda yana fara'a. Takarda ce kyakkyawa, mai kauri, da hatimi ja a ƙasa. 'Yan kamashon da ke zama a gindin bishiya kusa da ofishin lasin ne suka buga masa ita da tafireta. Na zauna na karanta daga sama har ƙasa. An rubuta cewa motar tana shan fetur. An kuma rubuta mata lambar inji doguwa.

"Alhaji, wannan lambar daga ina?"

Ya sosa ƙeya. Wai yaron da ya buga takardar ya ce kowace lamba ma ta yi, in dai ta inji ce, shi ne ya kwafo ta jikin injin markaɗen makwabciyarmu.

Raina ya ɓaci, na ce masa wannan takardar ko ƙosai ba za ta naɗe ba. Ya ce in rage murya.

"Malama, 'yan sanda kawai za ta kawar mana. Motar da ko akuya za ta wuce ta a guje, me zai same ta? Da mun ɗan farfaɗo zan nemo hanyar yin ta gaske. Ke dai kada ki tada wa tsohon nan hankali."

Ranar Juma'a Baba ya zo. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, maigidana ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Baba bai iya karatun boko ba. Ya shafa hatimin da ɗan yatsa, ya jujjuya ta, sannan ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ke ce mai karatu. Karanta mini in ji."

Na karɓa. Maigidana yana zaune a gefe yana jan carbi, bai dube ni ba. Na karanta ina fassarawa, na tsallake layin fetur, na tsallake na inji. Da na zo inda aka ce kamfani zai biya in an yi gobara ko sata, sai Baba ya tsayar da ni.

"In ta ƙone za su biya?"

"Haka aka rubuta, Baba."

Na zaɓi kalmomin nan ne don in ce ban yi ƙarya ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da hakan. Baba ya yi hamdala, ya roƙi a bar takardar a wurinsa. Ya naɗe ta a leda ya cusa a aljihun cikin rigarsa.

Motar kuwa ta yi aiki, wannan ba zan hana ta ba. Buhu takwas take ɗauka ta zaga lungunan unguwa, masu danfo, ƙananan bas na haya, suna bin ta da kallo daga layin mai. Abin da ban saba da shi ba har ƙarshe shi ne shirunta. Ba ka jin zuwanta. Ina tsakar gida ina shanya sai in juya in gan ta a bayana. Matan Yarbawa na layinmu sukan janye 'ya'yansu in ta ɓullo, wata tsohuwa ma takan tofar da yawu. Duk wata Baba yakan karɓi rabonsa ya mayar wa maigidana ya ce a ƙara cikin ajiya, mafi yawansa kuma a ruwan batir da gyaran caja yake tafiya.

A ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke bayan gida ake sa mata wuta. In tana caji, baturan sukan yi ta ɓararraka a hankali, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Mai gyaran batir na bakin titi, wani Bayarabe mai tabon ƙuna a hannu, shi ke zuwa duba ta. Ran nan ya tsaya ya kalli rumfar ya ce wa maigidana da Yarbanci, ni ma ina ji:

"Oga, wurin nan ka bar shi a buɗe ta ko'ina. Iskar da batir ke fitarwa in ta taru, tartsatsi ɗaya ya ishe ta."

Maigidana ya ce ya ji.

Daga nan sai gari ya fara ɗaukar zafi. Waɗanda suka zauna a Legas a shekarun nan sun san yadda abin yake. Ba ka ganin komai, sai dai ka ji an ce an yi faɗa a wata kasuwa, mai shago ya rufe tun la'asar, makwabcin da kuke gaisawa kullum ya gajarta gaisuwa. A makaranta iyaye suka fara zuwa ɗaukar yara kafin a tashi. Masu kaya suka shiga ɓoye kayansu. Maigidana ya ce motar nan kowa ya san ta Bahaushe ce, ita za a fara nema. Ya sayo kwano ya rufe rumfar ta ɓangare huɗu, ya toshe ƙofofin da buhu don kada a leƙa, ya sa kwaɗo.

Na tuna masa maganar mai batir. Ya ce na kwana biyu ne, kafin ƙura ta lafa. Kwana biyun suka zama sati uku. In na bi ta bayan gida, warin nan yakan shaƙe ni tun ban kai ƙofar ba, in kasa kunne in ji ɓararrakar a ciki. Juma'a uku Baba ya zo, kowace da niyyar in gaya masa gaskiyar takardar nake tashi. Sai in gan shi yana lissafa wa yara sunayen da zai sa wa shanunsa, in koma kicin in ƙaro masa miya. Tsoro nake ji, na maigidana da na idon tsohon, kuma na san tsoro ne.

Faɗan da ake jira bai iso layinmu ba. Abin da ya iso wuta ce. An ɗauke wutar lantarki kwana uku, maigidana ya bar cajar a jone ya tafi kasuwa. Ranar Asabar da azahar aka dawo da ita da ƙarfi, har ƙwan ɗakina ya fashe. Ina jin fankar falo ta ɗauka da wani irin gudu. Ban san tsawon lokacin da aka yi ba, ina tsintar shinkafa sai na ji ƙara kamar an kife tirela. Kwanon rumfar ya tashi ya faɗa gidan makwabta. Allah ya tsare, yara suna islamiyya. Mutanen layi, Hausawa da Yarbawa, suka yi ta kawo ruwa da yashi, amma kafin a kashe babu abin da ya rage sai ƙarfe da narkakkiyar dalma.

Baba ya zo ran Lahadi ya tsaya a kan tokar. Ko gezau bai yi ba. Shi ne ma yake ba maigidana haƙuri, yana cewa ai don irin wannan ranar aka yi asirans. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Washegari tun asuba ya fice zuwa Mile 12, wai an kawo masa kaya.

Ƙarfe takwas sai ga Baba cikin rigarsa ta Salla, ya sha rawani.

"Ɗiyata, tashi ki raka ni. Ke ka jin Turancinsu."

Adireshin da ke jikin takardar a Oyingbo yake. Muka shiga danfo, ya hana ni biya. Yana riƙe da ledar a kan cinyarsa da hannu biyu, yana tambayata ko a ranar za su bayar ko sai an dawo, ko za su yarda su ba shi a hannu tunda ba shi da banki. Ya ce in sun biya ba zai ƙara jiran shekara ba, tafiya zai yi kafin damina ta fita. Ina amsa masa da to, to. Muna cikin cunkoson Oshodi na ji ba zan iya kai shi har can a haka ba.

"Baba, takardar nan ta jabu ce. Babu wanda zai biya."

Bai juyo ba. Kwandasta yana ta ihun neman canji. Can ya ce mu dai ƙarasa, yana so ya gani da idonsa.

Muka sauka, muka bi lambobin gidaje har muka kai. Shagon sayar da busasshen kifi ne. Na tambayi matar da ke ciki, ta ce shekararta goma sha a wurin, ba ta taɓa jin wani kamfanin inshora ba, amma mu ne na huɗu da suka zo nema a bana. Na fassara masa. Ya gyaɗa kai, ya yi mata godiya, muka koma bakin titi.

"Yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka kawo ta."

"Ranar da kika karanta mini kin sani ke nan."

"Na sani, Baba."

Na fara cewa Alhaji ya yi niyyar gyarawa, zai biya shi a hankali, ba da mugun nufi ba ne. Ya ɗaga mini hannu.

"Alhaji ɗan kasuwa ne, na san halin kasuwa. Shi ya sa ban tambaye shi ba. Ke na tambaya."

Ya tsayar da danfo mai zuwa Agege, ya biya kuɗina, ya jira har na zauna. Shi bai shiga ba. Ta taga na gan shi yana tambayar wani maigadin sito, da hannu da 'yar Yarbancinsa, ko ana neman mai gadi a layin.