Thurman Gaskins, Mai Duba Gefen Takalmi

Ranar Talata, takwas ga Afrilu, da hantsi, ina cikin mota a kan hanyar Jackson, Mama Earline ta kira ni ta ce Allah ya karɓi abinsa. Thurman Gaskins, mijinta na shekara arba'in da shida, ya rasu a kan kujerarsa a barandar gidansu da ke Greenwood, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya karya kumallo, ya ce ta ƙaro masa kofi, kafin ta dawo ya tafi. Wanda ya ba da rai shi ya karɓa, ba ni da ja a kan wannan. Amma akwai abin da nake ja da shi, Koci Gaskins, shi ya sa na zauna rubuta maka wannan takarda.

Shekara arba'in da ɗaya ka yi kana zaƙulo wa ƙungiyarmu ta ƙwallon zari-ruga 'yan wasa daga jami'o'i, kuma fanni ɗaya ka riƙe: mafarautan mai jifa, samarin da aikinsu shi ne su kewaye ƙaton da ya tare su, su kai mai jefa ƙwallo ƙasa kafin ya sake ta. Ranar Laraba ƙungiya ta fitar da sanarwa mai daɗin ji, ta ce ba za a ƙara samun mai ido irin naka ba. Ranar Alhamis na shiga ɗakin zaɓe, inda muke jera katunan 'yan wasa a kan allo kowa bisa darajarsa, na tarar an cire katin Rondale Tubbs, yaro na ƙarshe da ka tsaya wa. Ko binne ka ba a yi ba. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba.

Laifin Tubbs ɗaya ne, hannunsa gajere ne. Inci talatin da ɗaya da ɗan ɗori. Brett Halvorsen, wanda ke shugabantar sashenmu shekara uku ke nan, ya kafa doka cewa mafaraucin da hannunsa bai kai inci talatin da uku ba, ba a ma kallonsa. Yaron ya kayar da mai jifa sau goma sha huɗu a kakar bara, a wata ƙaramar jami'a a Louisiana, amma tef ɗin awo ya ce a'a, shi ke nan.

Na san zafin wannan tef ɗin, domin ni ma an ɗora mini shi. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce na tsaya da gajeren wando a gaban masu zaƙulo 'yan wasa wajen ashirin, a wata jami'a a Alabama da ba kowa ya san hanyarta ba. Mai awo ya miƙe hannuna ya ɗaga murya ya ce talatin da ɗaya da rabi. Ina kallo aka riƙa rufe littattafai. Kai kaɗai ba ka rubuta komai ba. Ka bari kowa ya watse, ka zo ka tambaye ni inda nake ajiye tsofaffin takalmana na wasa. Na ɗauka tsokana ce, har na so in gaya maka magana.

Muka je ɗakin wanki, mai kula da kayan 'yan wasa ya zaro su daga ƙasan kwando. Ka ɗauki na hagu ka juya shi, ka shafa gefensa da babban yatsa, inda fatar ta cinye har ɗinki ya bayyana. Ka ce mafarauci na gaske ba a tsaye yake shan kwana ba, kwantawa yake yi kamar mai keke a lanƙwasar hanya, idon sawunsa ya lanƙwashe har gefen takalmi ya goge ciyawa. Ka ce tsawon hannu yana da amfani, ba ka musa ba, amma ana iya koya wa yaro yadda zai kaɓe hannun da ya fi nasa tsawo, idon sawu kuwa ba a koyar da shi. Sannan ka dube ni ka ce, "Guntu, kada ka yar da takalmin nan, ba ni shi." Tun daga ranar ban ƙara jin sunana Cornelius a bakinka ba.

Sai daga baya na ji abin da ya faru a ɗakin zaɓe a shekarar. An kai zagaye na shida na zaɓen, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar 'yan wasa bi da bi, ana shirin ɗaukar wani dogo daga babbar jami'a, sai ka hau kan tebur, da gurguwar gwiwarka da komai, takalmina a hannu, ka ce ba za ka sauko ba sai an kira sunana, Pettway. Aka yi dariya, aka yi faɗa, aka kira. Na yi shekara tara ina wasa, na kayar da masu jifa sau sittin da ɗaya, kuma har yau hotona yana rataye a bangon ɗakin nan.

Da gwiwata ta gama, na koma gida na zauna ba na son ganin kowa. Kai ka zo da tsohuwar motarka ka ce in shiga, akwai wasa a Arkansas, kana neman wanda zai riƙe maka agogon gudu. Ƙarya ce, ba ka taɓa yarda da agogon kowa ba sai naka. A kan hanyoyin nan ka koya mini aikin. Ka nuna mini cewa kafin in ga babban koci in fara gaida matar da ke wanki da mai dafa wa yara abinci, domin su suka san wanda ke zuwa atisaye da wuri da wanda ke zagin na ƙasa da shi. Ba ka zuwa musu hannu rabbana, ko soyayyen tarwaɗa ko burodin masara na Mama Earline. Kuma kowace shekara, washegarin gama zaɓe, bayan an taso daga coci, kakan zauna ka kira duk yaron da ka ziyarta ba a ɗauke shi ba, ɗaya bayan ɗaya, ka gaya masa gaskiyar abin da ya hana. Ban san wani mai yin haka a aikin nan ba.

Ba zan ce ba ka kuskure ba, za ka tashi ka ƙaryata ni. Garejinka cike yake da takalman hagu, kuma na waɗanda suka ba ka kunya su ka jera a gaba, wai don ka riƙa ganinsu duk safiya. Mama Earline ta sha cewa ita fa miji ta aura, ba mai tara warin ƙafar 'ya'yan mutane ba, kai kuma ka ce ta yi haƙuri, saura ɗaya. Shekara talatin tana jin saura ɗaya.

Ranar Asabar, bayan mun dawo daga maƙabarta, ta ja ni gefe ta buɗe bayan motarka. Takalmin hagu ne, gefensa ya cinye har ɗinki, da takarda a naɗe a cikinsa. Rahotonka ne a kan Tubbs, da rubutun hannunka, a ƙasa kuma ka ƙara layi ɗaya: A ba Guntu ya duba ya gani. Ta ce, "Cornelius, wannan shi ne ɗayan da ya rage. Ka san abin yi."

Ranar Litinin na shiga taro da shi a cikin leda, na ajiye a kan tebur a gaban Halvorsen. Ba mugun mutum ba ne, kuma lissafinsa ba shirme ba ne, yawancin gajerun hannu ba sa kai labari. Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya sassauta murya.

"Pettway, dukanmu muna ƙaunar Koci. Amma ba a ɗaukar ɗan wasa don ta'aziyya."

Ban hau tebur ba, Koci, gwiwata ta fi taka lalacewa. Naɗe hannun riga na yi, na miƙa masa tef na ce ya auna. Ya ce haba, ba sai an kai ga haka ba. Na ce ya auna, kuma ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ya auna. Talatin da ɗaya da rabi. Na nuna masa hoton da ke bango a bayan kujerarsa, na ce to ya tashi ya cire wancan ma, tunda doka doka ce. Ya ce zamani ya canza, ƙattin yanzu sun fi na lokacinku tsawo. Na ce gaskiya ne, sun kuma fi su wahalar sunkuyawa, a sa faifan wasan yaron mu gani. Muka kalli minti arba'in. Sau uku da kansa ya ce a mayar baya.

A ƙarshe ya ce za a mayar da katin, a zagaye na biyar, amma da sunana a ƙarƙashinsa, ba naka ba, domin mamaci ba ya amsa tambaya. Ya ce in yaron nan ya kasa, in san cewa ni da yaron tare za mu bar ƙungiyar. Shekarata hamsin da uku, ban iya wani aiki ba bayan wannan, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na karɓi alƙalami na sa hannu.

Allah ya jiƙanka, Thurman Gaskins. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya duba ka da irin idon da ka duba mu, ya ba ka hutun da ka ƙi ba kanka a duniya. Mama Earline, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, ke da 'ya'yanki Denise da Thurman ƙarami da jikoki duka. Ku bar garejin yadda yake, zan zo mu gyara tare. Ina kuma yi wa matan wanki da masu dafa abinci na ƙananan jami'o'in Kudu ta'aziyya, su ma sun yi rashi.

Zagaye na biyar ranar Asabar ne, ashirin da shida ga wata. Kafin nan za a yi taro huɗu, kuma na san akwai masu jiran in fita shan ruwa su sake taɓa allon. Na jawo kujerata na ajiye a ƙarƙashin katin, a nan nake cin abincin rana. Shekara tara na yi ina kewaye masu tare hanya, Koci. Yanzu ni ne a tsaye a bakin hanyar, da gajeren hannuna, mu ga wanda zai wuce.

Cornelius Pettway