Tarin Motar Jurandir

Jurandir bakanike ne a unguwar Brás ta São Paulo, kuma Allah bai halicce shi da zama wuri ɗaya ba. Ko wake da shinkafa a tsaye yake ci. In mota ta wuce da ƙarar da ba ta yi masa ba, sai ya bi ta da kunne har ta sha kwana, ransa a ɓace. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: inji bai taɓa fita daga garejinsa yana tari ba.

Banda tasa akwalar, wadda aikin mutane ya hana shi dubawa. Sai ta yi tari uku da atishawa ɗaya take tashi.

A 1964 wani matashin mawaƙi, Valdomiro, ya ji ta. Ya ce yana shirya waƙar mota, ranar Talata zai zo da na'ura ya ɗauki kukanta.

Jurandir ya rasa sukuni. Duk ƙasar za ta ji motarsa! Ya rufe gareji kwana biyu, ya wanke kafireta, ya canja filogi. Ranar Talata ya murza makulli, inji ya tashi lumui.

"Maigida, ina tarin?" in ji Valdomiro.

"Na yi maganinsa."

"Wayyo, ka kashe ni! Ai tarin nan shi ne waƙar!"

Neuza, matar Jurandir, ta leƙo ta taga. "Shekara tara ina tura ta zuwa coci, sai da baƙo ya zo ka tuna kai bakanike ne?"

Valdomiro ya fara naɗe wayoyinsa, ya ce zai tsallaka garejin Ademar, can ba a rasa mai tari. Ademar kuma, abokin hamayyarsa a sana'a! Kishi ya turnuƙe Jurandir. Ya tono tsofaffin filogin daga shara, ya mayar da su cikin injin da hannunsa, yana jin kunya kamar ya nutse.

Waƙar ta karɓu, har yau ana sa ta a biki. Valdomiro, ɗan halak, ya sa aka buga a bayan faifan: "Godiya ga garejin Jurandir."

Har tsufansa, da rediyo ya saki tarin nan sai ya miƙe zumbur, hannu na laluben sifana. Ya san filogin da ke da laifi, na uku ne. Ba dai halin ya kai gare shi, tunda tarin a cikin faifai yake.