Zanen Inna a Kan Kwamfutata

Saniyar Inna aka sayar na sayi kwamfuta. Ita kaɗai ta rage mata daga gadon mahaifinta, tana kiwo wajen wani Bafulatani a bayan Baure, kuma ranar da aka kora ta kasuwar Mai'adua ko tuwo ban iya ci ba. Ni na roƙa. Na ce mata idan na samu injin kirki zan riƙa zana wa mutane gidajensu, su ga ɗaki da taga da inuwar baranda tun ba a haƙa tushe ba. Abin da na ɓoye shi ne ina son in riƙa buga wasan ƙwallo a kai, irin wanda ake ganin gumin 'yan wasa.

Kuɗin ba su kai na haɗaɗɗiya ba, sai dai in tsinto kayan ɗaya-ɗaya in haɗa da hannuna. Sati biyu ina rubutu ina sokewa. In na ƙara wa wannan, wancan ya rame. Ni kuwa mutum ne mai taurin kai da tsoro a lokaci guda, kuma duk biyun suka raka ni Kano.

A wani shagon kayan kwamfuta, idona ya kafe kan katin hoto, wato abin da ke fitar da zane ya yi kamar gaske. Na hannu ne, amma babba, mai nauyi kamar bulo. Mai shagon ya juya shi ya dube ni.

"Malam, a ina za ka yi aiki da shi?"

Na ce Daura.

"To wannan yana da zafin rai. Ka ɗauki ƙaraminsa, ka sayi akwati mai huji da fanka uku. Injin nan numfashi yake yi kamar ni da kai."

Na ɗauka wayon 'yan kasuwa ne. Na ɗauki babban, na haɗa da akwati mafi araha, mai fanka ɗaya tal a baya. Tun daga tasha har gida kwalin yana kan cinyata, duk ramin da mota ta faɗa sai in ƙara rungume shi. Wajen haɗawa sukuru ya faɗi ya fi sau biyar. Da kwamfutar ta kama, Inna ta leƙo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta tofa mata addu'a. Daga ranar take kiranta "dabbata".

Aikina na farko gidan wani mai sayar da hatsi ne daga Mashi. Ranar Juma'a ce cikin bazara, an kawo wuta tun safe. Na gama zanen gidan, na bar injin yana fitar da hoton, aikin da ke cin awoyi, na kashe allon na tafi masallaci. Ban gaya wa kowa cewa tana aiki ba.

A gidanmu ba a barin abu mai daraja a buɗe. Rediyo yana da mayafinsa, keken ɗinki yana da rigarsa, kwanukan Inna ma a lulluɓe suke. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji wari kamar an bar roba a murhu. Ga kwamfutar an naɗe ta tsaf da zanen Inna na zuwa biki, mai kauri, har an cusa gefensa ta baya don kada ƙura ta samu hanya. Ba ta motsi. Na yaye zanen, ƙarfen ya ƙone mini yatsu.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na zauna a ƙasa ina jira ta huce, ina salati. Har aka kira la'asar ban iya taɓa maɓallin ba, don muddin ban danna ba, saniyar tana nan da rai. Da na danna, fankar ta juya, allon ya kawo wasu layuka kore da ja, ya ɗauke. Na sake. Haka dai. Katin ya tafi.

Ban san Inna tana tsaye a bayana ba sai da ta yi magana.

"Kai, lafiya? Na ga ka bar ta tsirara, na rufa mata asiri."

Na ce katin ne ya mutu. Na ce ni ne ban iya zaɓe ba, an faɗa mini a Kano na ƙi ji. Wannan gaskiya ne, kuma shi na riƙe da hannu biyu.

Ta dubi injin, ta dubi zanen da ke yashe a ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba wannan ba ne ko?"

"A'a, Inna. Ba shi ba ne."

Ta sunkuya ta ɗauka, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta ninke shi a hankali ta fita. Ba ta sake tambayata ba. An yi bukukuwa da yawa a unguwarmu bayan nan, ban ƙara ganin zanen a jikinta ba.