Hannuna na Hagu a Cikin Wayarsa

Ni bahaguwa ce. Duka kam na sha shi ina yarinya, har aka samu na koma cin tuwo da dama, amma almakashi ya ƙi barin hannun hagu. Da wannan hannun na yi shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da ɗinki a wata cibiyar koyon sana'a a nan Wudil. Ɗalibaina yawanci matan aure ne da zawarawa, wasu daga cikin gari, wasu daga Achika da Utai da Ɗankaza. Sai sun gama aikin gida suke tasowa, kuma kafin la'asar kowacce ta kama hanya.

Tun shekarata ta farko na gane cewa idan na tsaya kusa da ɗaliba ina nuna mata yanka, rikita ta kawai nake yi, don inda nake aje ninkin yadi da inda nake fara sa almakashi duk a juye suke ga mai hannun dama. Sai na koma ɗaya gefen teburin ina fuskantar su, haguna ya zo daidai da damarsu, kamar mai duba madubi. Ba wanda ya koya mini wannan dabara, yadin da aka yi ta ɓatawa ne ya koya mini.

Ana nan sai ga wani malamin jami'a, matashi mai farin gilashi da jaka a kafaɗa, shugaban cibiyarmu na biye da shi yana washe baki. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiya, sannan shugaba ya ce baƙon yana neman digirin digirgir ne, kuma bincikensa a kan ko bidiyo a waya zai iya koyar da sana'a fiye da malami. An zaɓi ajina. Ba a tambaye ni ko na yarda ba, an dai sanar da ni, ni kuma na ce Allah ya ba da sa'a. Yana ta kira na Hajiya, alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba a lokacin, na ce a raina wannan yaron akwai ladabi.

Mako uku ya yi yana ɗaukar hoton hannuna ina awo, ina zana alli, ina yanka. A bayana yake tsayawa, bisa kujera, yana leƙo da na'urar ta saman kafaɗata. Ranar farko na ce masa ya zagayo gabana, don haka ɗalibai suka saba gani na. Na buɗe baki zan faɗi dalili, ya ɗaga mini hannu.

"Hajiya, ke dai yi yankanki," in ji shi. "Wannan ɓangaren nawa ne."

Na ci gaba da yankana. Da bidiyon ya fito, babu fuskata, babu muryata. Wata yarinya ya samo mai zaƙin murya ta karanta bayani a kai, ni kuwa hannuwa biyu kawai aka bar mini da ɗan zobena na azurfa.

Ya raba ajin gida biyu. Rabi ya ba su aron wayoyi ya kai su ɗakin da ke kusa, rabi ya bar mini. Ya gargaɗi masu wayar cewa duk wadda aka kama tana neman taimakona za a karɓe tata, wai kada binciken ya gurɓace.

Ba a yi mako biyu ba masu wayar suka fara sallama a gidana. Ranar Juma'a ba ma aji, sai su fito da sunan cin kasuwa su biyo ta wajena. Ta farkon da ta zo ta zaro riga daga cikin hijabi tana hawaye, na buɗe sai ga hammata a tsakiyar ƙirji. Ta shimfiɗa yadin yadda ta ga hannun cikin wayar ya shimfiɗa, hannunta na dama ya rufe mata layin alli, ta juya yadin don ta gani, ta yanke wajen ninki. Na yi dariya har da ƙwalla, sannan na baza tabarma na zauna ina fuskantarta. Juma'a ta gaba su biyar ne, ta gaba kuma tsakar gidana ta cika. Ban karɓi ko sisi ba, har kunu nake dama musu.

To, ka ga waɗannan sun samu biyu ke nan. Ga ni ranar Juma'a, ga bidiyo da za su maimaita sau goma a gida bayan sun fahimci yadda za su juya shi a ƙwaƙwalwarsu. Ba zan yi wa wayar ƙarya ba, tana da amfani, don ba ta gajiya da maimaici kamar yadda nake gajiya. Da aka yi jarrabawa, masu wayar suka fi 'yan ajina, na kuma yi murna, don duk nawa ne.

Bayan wasu watanni shugaba ya kira ni ofis. Ga wani kundi mai kauri a gabansa, da Turanci, yana karantawa yana fassara mini. Wai an tabbatar bidiyo ya fi malama. Wai tsofaffin malaman sana'a, irin wadda aka yi aiki da ita a wannan bincike, ba sa son sauyi, har sukan yi ƙoƙarin tsoma baki a aikin da ba su fahimta ba. Wannan tsoma bakin shi ne zagayo gabana da na ce ya yi. Shugaba ya rufe kundin ya ce sababbin ɗalibai duka da bidiyo za su koya, kuma a ƙarshen zango manyan malaman baƙon za su zo su gani da idonsu. Ni kuma an ɗauke mini wahala, zan koma kula da ɗakin ajiya.

Na gaya masa gaskiyar abin da ya faru a tsakar gidana. Ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin tsohuwa, ya ce maganar baki ba ta ture takarda. Da na matsa, aka kira biyu daga cikin matan. Suka sunkuyar da kai suka ce ba su taɓa zuwa gidana ba, don har lokacin wayoyin na hannunsu. Ban ga laifinsu sosai ba. Laifin na ɗora shi gaba ɗaya a kan mai farin gilashi, wanda ya wuce ni a baranda ran nan ya ce mini sannu da ƙoƙari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na zauna cikin ƙurar ɗakin ajiya tsakanin matattun kekunan ɗinki da buhunan ƙyalle, ina jin muryar yarinyar nan ta bango tana bayani a kan hannuna, zuciyata na tafasa. Ban kai ƙara ko'ina ba, ban yi faɗa da kowa ba. Abu ɗaya na ƙudurta: tun da takarda ta ce ba a bukata ta, to zan ba takarda abin da ta ce. Na rufe ƙofar gidana.

Sababbin ɗaliban sun ji labari wajen tsofaffin, suka fara zuwa ranar Juma'a. Na ce an hana ni. Wata rana na ce kaina ke ciwo, wata rana na sa aka ce ba na nan ina zaune a ɗaki ina jin su. Magana ɗaya ce fa za ta warware musu, in ce mai hannun nan bahaguwa ce, ku kalli wayar ta cikin madubi. Na riƙe ta a bakina wata huɗu. Masu kaifin kai biyu ko uku sun gano da kansu, sauran kuwa kullum sai an kawo mini ɓataccen yadi in aje, ni kuma in ninke shi da kyau in jera a kan kanta ina jin sanyi a raina. Shi gogan mai gilashin bai san abin da ake ciki ba, sai ya leƙo sau ɗaya a wata ya tambayi ko wayoyi na aiki ya wuce.

Akwai wata daga Utai, siririya, mai goyo, ba ta da yawan magana. Zango ɗaya tak mijinta ya yarje mata, ya ce in ta iya ta ci gaba, in ba ta iya ba ta zauna. Ana saura kwana goma Sallah ta zo gidana da rana tsaka, ta same ni a zaure ba hanyar ɓuya. Ta kwance ɗauri ta fito da atamfa sabuwa dal, ta uwar mijinta ce, ta karɓo don ta nuna wa gidan ta iya. Ta riga ta zana alli, ba ta yanka ba. Ta durƙusa.

"Malama, ba sai kin koya mini ba. Ki nuna mini inda zan sa almakashin kawai."

Na dubi zanen, na ga kuskuren tun daga nesa. Na ce mata ta je ta tambayi wayar, ai an ce ta fi ni. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta ninke atamfarta, ta gyara goyo, ta yi mini sai an jima.

Ranar da manyan malaman suka zo an share cibiya an yayyafa ruwa. Su uku ne, maza biyu da wata dattijuwa. An jera rigunan ɗalibai a kan teburi, shi kuma mai gilashin ya sha babbar riga yana bayani. Ta tagar ɗakin ajiya nake kallo. Dattijuwar ba ta saurare shi ba, riguna take ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ta ga an yi faci a ƙirji, ta ga wuya ya karkace. Ta ce a kunna mata bidiyon. Ba ta yi minti biyu tana kallo ba ta ce a tsayar, ta tambayi hannun wane ne wannan, kuma ya aka yi ba a rubuta ko'ina cewa mai shi da hagu take yanka ba. Ya cire gilashi ya goge ya mayar. Mako uku yana ɗaukar hannun nan, ga lokacin da ya ɗauka yana gyara hoto, bai taɓa lura ba.

Aka aiko a kira ni. Na ɗauki lokacina, na kakkaɓe zane, na kwaso ɓatattun yadikan nan na wata huɗu a hannu na dire su a gabansu. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar hanya. Sannan na ce, ranki ya daɗe, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ga abin da na sani. Na faɗi zaman madubi, na faɗi kujerar da ya hau a bayana da abin da ya ce mini, na faɗi Juma'o'in tsakar gidana. Yanzu da sun mayar da wayoyin, babu abin da za a ƙwace, tsofaffin ɗaliban da aka gayyato don su yaba masa suka ce ƙwarai haka aka yi. Dattijuwar ta juya ta yi masa magana da Turanci a hankali. Ban ji me ta ce ba, amma na ga gumi na bin wuyan babbar rigar. Wallahi na ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da na fara karɓar albashi.

An ce sai ya sake aikin tun daga tushe. Shugaba ya mayar mini da ajina a satin, yana ta cewa ai shi dama ya san da wata a ƙasa. Shi kuwa mai gilashin ya aiko a tambaye ni ko zan yarda a sake ɗauka, wannan karon daga gaba. Na ce a gaya masa wannan ɓangaren nawa ne, kuma na rufe shi.

Da na koma aji na sa matan suka zauna a gabana muka faro daga awo. Ta Utai ba ta cikinsu. Na tambaya aka ce ai tun Sallah ba ta sake zuwa ba. Ta yanka atamfar, ta lalace, uwar mijin ta ɗaga ta a tsakar gida kowa ya gani, mijin ya ce zancen ɗinki ya ƙare.

Na hau mota na tafi Utai da kaina. Na same ta tana sussukar gero, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, ta gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo. Na jira mijin ya dawo daga gona na roƙe shi, na ce laifina ne, zan koya mata a gidana kyauta har ta iya. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya gode, amma ya riga ya yi magana a gaban mahaifiyarsa. Da ta rako ni bakin hanya na fara ba ta labarin abin da malamin jami'ar ya yi mini, don ta san dalili. Ta ce ta ji duka, har ta taya ni murna.

"Amma Malama," ta ce, "da shi kike faɗa. Atamfar da na kawo miki ba tasa ba ce."

Mota ta zo na shiga. Har yau ban yafe masa ba, kuma idan na tuna gumin nan sai na yi murmushi. Ita kuwa shekara uku ke nan ina aika mata saƙo duk farkon zango cewa akwai gurbi, tana aiko mini da gaisuwa.