Minti Biyun Hamidou

Duk wanda ke bin titin Fordham Road a unguwar Bronx ya san Hamidou mai turare, mutumin Maraɗi. Tun zuwansa New York yana nan bakin titi da ɗan teburinsa, ana sanyi ana zafi. Mutum ne mai gaisuwar tsiya. Ka tsaya sayen man kaɗanya, sai ya tambayi gida, da yara, da gajiya, har bas ɗinka ta tafi ta bar ka.

Abin da ke ci masa rai kuwa 'yarsa Firdaoussi ce. Ranar Sallah makaranta a buɗe take. Ko ta bi shi Idi a rubuta mata fashi, ko ta tafi aji da lalle a hannu tana hawaye. Don haka da jami'an ilimi suka kira taron jin koken iyaye, ya naɗe tebur, ya zura babbar riga, sai zauren taro.

Aka ce kowa minti biyu. Bawan Allah ya karɓi makirufo, ya fara da shugabar taro: ya aiki, ya iyali, ya sanyi? Ya bi jami'ai ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin tambayar wata tsohuwa a layin gaba lafiyar ƙafarta, ƙararrawa ta kaɗa. Wayyo! Ko Sallar bai ambata ba. Kunya ta rufe shi.

Tsohuwar nan, baƙar fata ce haifaffiyar Amurka, ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ce, "Tun ina yarinya nake zuwa irin wannan taro, tun zamanin da sai mun yi zanga-zanga ake sauraronmu. Ba wanda ya taɓa tambayar lafiyata sai wannan mutumin. Na ba shi lokacina."

Da ƙyar Hamidou ya haɗiye doguwar godiya. Ya ce, "'Yata a nan aka haife ta. Ku bar ta ta yi Sallah."

Ba shi kaɗai ya yi ta wannan roƙo ba, jama'a sun sha fama. A 2015 makarantun birnin suka rufe ranar Babbar Sallah.

Da safen nan Firdaoussi ta riƙe hannunsa suka nufi Idi. Suka ci karo da maƙwabta, ya gyara tsayuwa zai fara, ta ja masa riga da 'yar Hausarta ta Bronx: "Baba, minti biyu!"

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "A'a, 'yar nan. Yau kam yinin duka namu ne."