Tafintan Sikelin Beli

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanina Mansur, kuma a bana ne aka cire abu na ƙarshe da ya saita da hannunsa. Ni aka ɗora wa cirewar. Shi ya sa waiwayen bana ya fi na sauran shekarun yi mini nauyi.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman gyaɗa a nan Ƙaraye. Muna da sito uku a ƙasar Rogo, a Beli da Ruwan Bago da Rogo Ruma, kowanne da sikeli mai nuna lamba. A da sai mai kula da sito ya bugo waya ya faɗi nauyin buhu, ni kuma in ji wani abu daban, a yi ta ka-ce-na-ce. Da Mansur ya gama karatun kwamfuta a Kano ya dawo gida, sai ya leƙa bayan sikelin ya ga wani ɗan rami mai haƙora tara. Ya ce mini sikelin yana magana, mai sauraro ne ya rasa. Ya sayo wasu 'yan akwatuna da ba su fi sabulun wanki girma ba, ya jona su a ramin, suna ɗaukar abin da sikeli ya faɗa suna turo shi ta intanet zuwa kwamfutar ofishina. Manoma suka sa musu suna tafinta, sunan kuwa ya bi su.

Ranar farko a Beli aka kwashi 'yan kallo. Malam Jibo, wani Bafulatani mai noma da kiwo, ya ɗora buhunsa mai kilo tamanin da biyar. Ni kuma a ofis sai na ga lamba biyu a rabe, takwas a sama, biyar a ƙasa. Na buga waya na ce kilo takwas ne. Ina jiyo Malam Jibo daga nesa yana cewa, "Subhanallahi! Buhuna aka ɗora ko kaza?"

Mansur, da ke can Beli, ya karɓi wayar. "Yaya, ta... tafintan ne ba shi da haƙuri. Da ya ji shiru sai ya ɗauka an gama."

Daga baya ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Dole a gaya wa akwatin yadda zai gane an kai ƙarshen magana kafin ya turo ta. Ko a ba shi adadin haruffan da zai tara, ko a nuna masa wata alama da sikeli yake rufe zance da ita, ko kuma a ƙayyade masa tsawon shirun da zai jira. Sikelin Beli tsoho ne, ba ya sa alama, ga shi yana ɗan tsayawa a tsakiyar lamba. Sai Mansur ya tsawaita wa tafinta jira, aka zauna lafiya.

Ba a makaranta kaɗai ya koyi wannan ba. Mansur yana da in'ina tun yana ƙarami. A garin da gaisuwa ba ta ƙarewa sai an tambayi gida da gona da gajiya, shi kullum a baya ake barinsa, kafin ya fito da "lafiya lau" an wuce shi da tambaya biyu. Mutane su ƙarasa masa magana, sau da yawa ma su ƙarasa ba daidai ba. Innarmu ce kaɗai take ajiye abin da take yi ta jira shi. Ranar da ya yi mini bayanin nan na tsokane shi na ce duniya ta zo ƙarshe, mai in'ina yana koya wa akwati sauraro. Ya yi dariya har da hawaye.

Akwai kuma wani abu da ya saita. Idan babu buhu a kan sikeli, akwatin yakan turo ɗan gajeren saƙo lokaci zuwa lokaci don a san layi bai yanke ba. Masu ƙera shi wasu haruffa marasa ma'ana suka sa. A na Beli, Mansur ya goge su ya rubuta, "Yaya ina nan." Bayan zazzaɓi ya ɗauke shi, saƙon bai daina zuwa ba. Da rana ta bugi solar Beli sai in gan shi a ƙasan allon kwamfuta. Tsawa ta ƙone na Ruwan Bago, na Rogo Ruma ya tafi tare da sikelinsa, na Beli kaɗai ya rage.

Ofishin nan yanzu ya yi shiru. Manoma ba sa zuwa, komai a waya suke gani. Inna ta bi Mansur, yara suna Kano, abokan hirata wasu sun yi ritaya wasu sun kwanta dama. Nakan yi wuni ban ji sallamar kowa ba. Ina jin kaɗaici, ba zan ɓoye ba, kuma wannan saƙon ne abokin zamana.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga sabbin sikeli masu layin waya a cikinsu, waɗanda ba sa bukatar tafinta. Na san murna zai yi, kafin a ankara ya kwance ɗaya don ya ga cikinsa. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji da ya ga mutane suna ƙara wa saƙon murya gudu don kada su ɓata lokacin sauraron ɗan'uwansu.

Bana sikelin Beli ya fara rawa, buhu ɗaya ya ba da nauyi biyu. Na so a ɗan ƙara lallaɓa shi. Shugaban ƙungiya, wanda ya san dalilina, ya sassauta murya ya ce, "Malam Sakatare, gyaɗar mutane ce fa." Gaskiya ya faɗa. Kafin kaka na hau mota na tafi Beli tare da masu kafa sabon sikeli, na roƙe su su bar ni in zare wayar akwatin da kaina. Malam Jibo yana zaune a bakin sito, ya tsufa ƙwarai. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi. Tun ranar nan bai ƙara raba mini buhu ba."

Wannan ne ya rage na Mansur a wurin jama'a: shekaru ana awo a Beli babu rigima, da addu'ar wani tsoho. Ina ganin ba ƙaramin abu ba ne. Ina roƙon mai karatu ya ƙara masa da tasa.

Akwatin yana gidana a cikin durowa. Ina da wuta, ina da waya, na san ramin da ake sokawa. Ban jona ba. Idan na jona zai ce mini yana nan, ni kuwa ni na shiga kabarin na karɓe shi da hannuna.